Idon da ke Auna Rubu'in Juyi

Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin mai zamiya a kan ƙanƙara faɗinsa kusan milimita 4 ne kacal. Mai washi yakan ɗan rarake tsakiyarsa, sai ya kasance da kaifi biyu, na ciki da na waje, a goshinsa kuma akwai 'yan haƙora na caka ƙanƙara. A kan wannan siririn ƙarfe ƙato zai tashi sama, ya juya sau huɗu cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ya dira da ƙafa ɗaya yana tafiya da baya. Kowa yana tafa wa mai tsallen. Ni kuwa wanda ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin da ke zaune a gefen fili, wanda aikinsa shi ne ya faɗi abin da ya faru kafin a ƙifta ido.

A kokawa, da gwiwa ta taɓa ƙasa magana ta ƙare, yaro ma ya ga wanda aka kayar. A nan kuwa mutum biyu za su yi tsalle su dira a tsaye, mai kallo daga kan kujera ya rantse abu ɗaya suka yi, alhali akwai maki biyar a tsakaninsu.

Da can kowane alƙali yakan ba da makin da bai wuce 6.0 ba, gwargwadon yadda wasan ya kwanta masa a rai. Bayan rikicin gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City, inda aka zargi wata alƙaliya 'yar Faransa da karkata, har aka ba 'yan Rasha da 'yan Kanada zinariya tare a wasan mace da namiji, hukumar wasan ta duniya, ISU, ta kawo sabon tsari a 2004. Ta raba aikin gida biyu. Mutum uku daga ƙasashe daban-daban su ne kwamitin tantancewa, su ke faɗin sunan abin da aka yi. Alƙalai tara kuma su faɗi ko ya yi kyau.

Mai tantancewa galibi tsohon ɗan wasa ne ko mai horarwa. Yana sanye da abin magana a kai, ɗan wasa na tashi yana kiran sunan tsallen, wani na shigar da shi kwamfuta. Tsalle iri shida ne, kuma daga tashi ake bambanta su. Aksel, mai sunan Axel Paulsen ɗan Norwe, shi kaɗai ake tashinsa ana fuskantar gaba, don haka yana da ƙarin rabin juyi. Luts da filif kuwa 'yan uwan juna ne: a duka biyun ana zamewa da baya a kan ƙafa ɗaya, a miƙa ɗayar a caka haƙoranta a tashi. Bambancin kawai, luts daga kaifin waje yake tashi, filif daga na ciki. Idan idon sawu ya ɗan kwanto ciki daf da tashi, luts ya gurɓace, sai a rubuta harafin "e" a gefensa a rage masa daraja.

Wajen dira aikin ya fi tsanani. Ido ba ya bin fuska ko hannuwa. Ƙarfen yake jira, ya ga ina ya fuskanta a lokacin da haƙoransa suka fara taɓa ƙanƙara. Ɗan wasa mai dabara zai iya ƙarasa juyinsa a ƙasa, ya murɗa ƙafa da sauri ya wuce. Idan mai tantancewa ya yi shakka, sai ya nemi a ajiye masa tsallen, bayan an gama a maimaita hoton a hankali, su uku su duba, rinjaye ya yanke. Luts mai juyi huɗu darajarsa 11.50. In giɓin ya haura rubu'in juyi amma bai kai rabi ba, ya koma 9.20. In ya kai rabi, a ƙirga shi mai juyi uku, 5.90. Daga nan alƙalai tara su ba da nasu, daga -5 zuwa +5, suna duba tsawon tashi, nisan tsalle, laushin dira da dacewarsa da kiɗa. A yar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a ɗauki matsakaicin bakwai.

Gasar Olamfik ta Vancouver a 2010 ta nuna amfanin wannan haƙuri. Evgeni Plushenko na Rasha, zakaran 2006, ya dira tsalle mai juyi huɗu. Evan Lysacek na Amurka bai ko gwada ba, amma ya ci zinariya da 257.67, Plushenko yana da 256.36. Plushenko ya fito fili ya yi ƙorafi, magoya bayansa suka ce an yi maguɗi. Wanda ya daure ya karanta takardar makin zai ga cewa a dogon wasan, wato zagaye na ƙarshe na gasar, alƙalai sun ba su maki ɗaya daidai a fannin salo da gabatarwa. Lysacek ya tara ribarsa ne kaɗan-kaɗan: dirarsa ta fi tsabta, juyinsa a wuri ɗaya da takunsa sun fi samun maki, kuma ya jera tsalle da yawa a rabi na biyu na wasan, lokacin da ƙafa ta gaji, inda doka ke ƙara kashi 10 cikin 100. Ina ganin hukuncin ya bi dokar ranar. Ƙorafin Plushenko ma bai faɗi ƙasa banza ba, domin a shekarar aka ƙara wa juyi huɗu daraja.

Tsarin bai rasa rauni ba. Makin salo har yanzu yana bin zuciyar alƙali, kuma kusurwar kyamara tana iya ɓoye ƙarfen. Amma tun 2016 kowane maki yana fita da sunan wanda ya ba da shi.

A gasar Olamfik ta Beijin a 2022, Yuzuru Hanyu na Jafan, mai zinariyar 2014 da 2018, ya tashi aksel mai juyi huɗu da rabi, abin da a lokacin ba wanda ya taɓa dira a gasa. Ya faɗi. Kwamitin ya maimaita hoton, bai tausaya masa don sunansa ba, bai kuma tauye shi ba: ya rubuta cewa giɓin bai kai rabin juyi ba. Nathan Chen na Amurka ya ɗauki zinariya, Hanyu ya zo na huɗu. A watan Satumba na shekarar, a Lake Placid, Ilia Malinin mai shekara 17 ya dira tsallen a tsaye, masu tantancewa suka rubuta 4A, lambar tsallen, babu wata alama a gefensa, darajarsa 12.50 cif.