Masu Auna Ruwan Sama da Kunne

Duk wanda ya taɓa nutso a madatsar Goronyo, ko a gulbin Rima ta wajen Wurno, yayyafi ya riske shi yana ƙasan ruwa, ya san wurin ba shiru ba ne. Wani irin cuuu kake ji, kamar an jefa ƙosai a tafasasshen mai. Da yawa muna ɗauka bugun ɗigon ne. Ashe mafi yawan ƙarar ta kumfa ce: ɗigo in ya faɗo sai ya dulmiyar da iska kaɗan, ita kuwa ta yi ta kaɗawa kamar ƙararrawa kafin ta lafa. Ƙaramar kumfa muryarta siririya, babba tata mai kauri. Igiyar ruwa ma haka take yi in iska ta karya ta.

Akwai mutanen da wannan hayaniya ce sana'arsu, kuma wallahi suna burge ni. A yaƙin duniya na biyu, sojan ruwan Amurka na farautar jiragen ƙarƙashin teku da saurare, ƙarar teku tana dagula musu lissafi. Vern Knudsen da abokan aikinsa suka duƙufa suna auna ta, a 1948 suka nuna yadda take hauhawa da ƙarfin iska. A 1962 Gordon Wenz ya tsefe ta: ga ta jiragen ruwa, ga ta iska, ga ta ruwan sama.

Gwanin nasu a wurina shi ne Jeffrey Nystuen na Jami'ar Washington. Tsakiyar teku ina za ka kafa ma'aunin ruwan sama? Sai ya zura makirfo cikin ruwa ya kasa kunne. Yayyafi fito yake yi siriri, wajen kaɗawa 14,000 a daƙiƙa. Ruwa kamar da bakin ƙwarya kuwa manyan ɗigo ne, ruri yake. Da wannan bambanci ake faɗin yawan ruwan da ya zuba, ko ɗigo bai taɓa na'urar ba. Ga shi sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, makirfo guda kuma na jiyo fili mai faɗi.

Masuntanmu, daga Rabah har Goronyo, ba za su yi mamakin a ce ruwa na magana ba. Wanda ya taɓa zare kurungu daga taru ya ji yadda yake kuka da ƙayar gefensa. A ƙasan gulbi ma haka yake yi.