Jinjina ga Masu Ƙirga Gashin Jela

A Amurka akwai mutanen da ke rataya kwalbar ruwan sukari a bayan gida, awo ɗaya na sukari cikin huɗu na ruwa, su zauna jiran hamingbad, ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan fure kamar sha-kaucinmu. Wani irinsa nauyinsa bai wuce giram 3 ko 4 ba.

Gane irin namiji da sauƙi, wuyansa kan tona shi. Matan da 'ya'yan ne ke gwada gwani. Macen irin da ake kira rufus da macen irin alen, ido ba ya raba su daga nesa. Sai an buɗe jela, domin gashin gefe na alen ya fi siranta. Macen irin mai baƙar haɓa kuwa, jelarta ba ta hutawa yayin da take sha, sama da ƙasa, alhali ta mai jan wuya ta fi natsuwa. Wannan ma alama ce kawai, kuma gwanayen gaskiya sun iya cewa "ban tabbata ba". Nan ne suka burge ni.

Wasu sun nemi lasisin gwamnati, suna kama tsuntsayen su auna su ɗaura zobe mai lamba a ƙafa. Nancy Newfield a Luwiziyana, da Bob da Martha Sargent a Alabama, sun shafe shekaru a haka. Aikin irinsu ne ya tabbatar da cewa rufus, wanda ke hayayyafa har Alaska, wasunsa kan yi hunturu a kudu maso gabashin Amurka, wasu ma su dawo gida guda shekara bayan shekara. Sun cancanci yabo.