Shurin da Alƙali Ke Ji da Kunnensa

A watan Mayun 1973, 'yan wasa daga ƙasashe 19 suka hallara a Kukkiwon, babbar cibiyar taekwondo da ke Seoul a Koriya ta Kudu, domin gasar duniya ta farko. Rukunin nauyi biyu kacal aka yi: masu kilo 64 zuwa ƙasa, da waɗanda suka haura haka. A wancan zamani babu na'urar ƙirga maki, babu bidiyon da za a koma a duba, ko hular kare kai ba a sawa. Alƙalai na zaune a kusurwoyin fili, kowa da takardarsa. Mai neman maki dole ya kai shurin da alƙali zai gani da idonsa, ya ji da kunnensa, ya kuma ga jikin abokin karawa ya girgiza.

Ɗan wasa kan sa farar riga da wando da ake kira dobok, ya ɗora hogu a kai, wato sulken kare ƙirji da haƙarƙari, wanda ake ɗaure masa ta baya. Hogun farko-farko da tsagaggen gora ake yin sa, a jera a cikin yadi a ɗinke, don haka mai shuri ma yana jin jiki. Alƙalin tsakiya ya ce "charyeot", a ƙame. "Kyeongnye", a rusuna. "Shijak", a fara. A da turmi uku ake yi, kowanne minti uku. An hana naushi a fuska, shi ya sa ƙafa ta zama babban makami.

Duba yadda ake yin dollyo chagi, shurin da ke zagayowa ta gefe. Ɗan wasa na tsaye a karkace, nauyinsa a kan gaban tafin ƙafa, yana ɗan tsalle-tsalle don kada a gane lokacin da zai taso. Sai ya ɗago gwiwar baya a naɗe, kai tsaye gaba, yadda abokin karawa ba zai san irin shurin da ke tafe ba. Nan take ƙafar da ke ƙasa ta murɗa, dunduniya ta juyo wajen abokin karawa. Wannan murɗawar ce ke sakin ƙugu, kuma daga ƙugu ƙarfi ke fitowa. Daga nan ƙwauri ya fyaɗo kamar bulala, bayan ƙafa ya sauka a hogu, tare da ihun da ake kira kihap, mai matse ciki da daidaita numfashi. Ƙafar ba ta zama a can. Ta hanyar da ta je take dawowa, domin wanda ya yi jinkiri zai sha dwi chagi, shurin baya da ake juyawa a saka dunduniya a ciki.

Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma shekaru ake yi ana gyara shi. Mai ƙiwuyar atisaye yakan bar ƙafar ƙasa a kafe, sai shurinsa ya isa a mace, gwiwarsa kuma ta biya bashin. Mai naci ya san tazara da ido: taku nawa ne tsakaninsa da hogu, da daidai lokacin da abokin karawa ya ɗora nauyi a ƙafa ɗaya har ba zai iya gocewa ba.

A gasar 1975 rukunin nauyi ya kai takwas. Ta 1977 aka yi ta a Chicago, karo na farko a wajen Koriya. Mata sun shiga a 1987, wasan ya zama cikakken wasan Olamfik a Sydney a 2000, har Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a Rio a 2016. Yau hogu mai lantarki ke ƙirga maki, amma gwiwa da ƙugu da murɗa ƙafa sai an koye su a filin atisaye, kamar yadda 'yan wasan 1973 suka koya.