Binciken PACE da waɗanda aka ce sun warke da maki 60

Mai karatu, idan kana da ɗan'uwa da zazzaɓin bairas ya sake shi amma gajiya ta ƙi sakinsa, wata shida, shekara, har fiye, ka san shawarar da ake ba shi: ya daure, ya riƙa motsa jiki, kullum ya ƙara kaɗan. Wannan shawara ba ta tsaya a majalisar ƙofar gida ba. Ta daɗe a bakin likitoci, kuma babban ginshiƙinta wani bincike ne da aka yi a Birtaniya mai suna PACE, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2011. Shi nake so mu kwance mu duba.

An ɗauki mutum 641 masu ciwon gajiya mai daɗewa, wanda likitoci ke kira ME/CFS, aka kasa su gida huɗu. Duka sun samu kulawar likita. Wasu aka ƙara musu motsa jiki mai ƙaruwa mataki-mataki, wasu zaman tattaunawa don sauya tunaninsu game da ciwon, wasu kuma dabarar auna aiki daidai ƙarfin jiki. Masu binciken suka ce motsa jiki da tattaunawa ne suka yi amfani. A 2013 suka ƙara da cewa kashi 22 cikin ɗari na waɗannan rukunai biyu sun warke.

To, me ake nufi da “warke”? Akwai ma'aunin ƙarfin jiki da suka yi amfani da shi, daga 0 zuwa 100. Kafin a ɗauke ka a binciken sai makinka ya zama 65 ko ƙasa da haka, wato ciwon ya kama ka sosai. A tsarin da suka rubuta tun farko, sai ka kai 85 za a ce ka warke. Daga baya suka sauke shi zuwa 60. Sake karantawa. Mutum zai shiga da 65 a matsayin mara lafiya, jikinsa ya ƙara lalacewa ya koma 60, a wannan ma'aunin kuma a lissafa shi cikin masu lafiya. Ɗalibin digiri na biyu ya yi haka a kundinsa, ai ba zai fito daga ɗakin kare kundi da daɗi ba.

Wani mara lafiya ɗan Ostireliya, Alem Matthees, ya nemi a ba shi alƙaluman asali. Jami'ar Queen Mary ta Landan ta ƙi, sai a 2016 kotu ta umarce ta ta saki. Da wasu masana suka sake lissafi da ma'aunin farko, 22 ɗin nan ta koma 7 ga masu tattaunawa, 4 ga masu motsa jiki, 3 ga waɗanda suka samu kulawar likita kawai. Bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba.

Kuma fa manyan sakamakon duk daga takardar tambayoyi suka fito, kowa ya san rukunin da yake. Ka shafe watanni kana koya wa mutum ya daina ɗaukar gajiyarsa a matsayin haɗari, sannan ka tambaye shi ko ya gaji. Wace amsa kake jira?

Abin da ya fi damuna shi ne sharuɗɗan Oxford da suka bi wajen zaɓen marasa lafiya, waɗanda ba su wajabta babbar alamar ciwon ba: koma-baya bayan aiki. Mai wannan ciwo zai yi wanki ko ya je kasuwa yau, ya dawo garau, sai bayan awa 12 zuwa 48 jiki ya rushe, kai ya yi nauyi, tunani ya dushe, ya kwanta kwanaki. Jinkirin nan ne ke yaudarar 'yan gida har su ce ragwanci ne. Irin wannan mutum, in ka ce kullum ya ƙara, rami kake tura shi. A Oktoban 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta cire wannan motsa jikin daga shawarwarinta.

Kada kuma a ɗauka auna aiki magani ne. A PACE ɗin ma bai fi kulawar likita kawai ba, NICE ma ba ta kira shi waraka ba. Amfaninsa rage faɗuwa ne. Daidai ruwa daidai tsaki: ka rubuta abin da ka yi kullum da yadda jikinka ya kasance bayan kwana biyu, har ka gano iyakarka. Ka gutsuttsura aiki, ka yi girki a zaune, ka huta tun ba ka gaji ba. Karatu, dogon surutu a waya da karɓar baƙi duk suna cin ƙarfi kamar ɗaukar kaya. Ranar da ka tashi da ƙarfi ita ce mai haɗari, don ranar ce za ka so biyan bashin aikin mako guda.

Ga masu fama da gajiyar bayan korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ma wannan dabara ta ba da shawara a kai idan akwai koma-bayan. Don haka in likita ya rubuta wa ɗan'uwanka motsa jiki, ku fara gaya masa abin da ke faruwa kwana biyu bayan aiki.