Gwanintar da Ba a Gani: Tsokaci kan Dabon Hoto a Fim ɗin Life of Pi

A yawancin sana'o'i, gwani yakan nuna gwanintarsa ne ta hanyar baje ta a fili. Maɗinki ya ɗaga rigar da ya yi wa aiki, magini ya nuna soronsa. Amma sana'ar dabon hoto, watau ƙirƙirar abin da babu shi ta hanyar kwamfuta a cusa shi cikin fim, ta saɓa wa wannan ƙa'ida, domin iyakar ƙwarewa a cikinta ita ce mai kallo ya kasa gane an yi aikin. Fim ɗin Life of Pi na Ang Lee, wanda ya fito a 2012 daga littafin Yann Martel na 2001, ya isa misali.

Labarin na wani yaro ne Ba'indiye da jirginsu ya nutse, ya kwana 227 a teku cikin kwalekwale tare da damisar Bengal. An yi amfani da damisoshi na gaske a wurare kaɗan, amma mafi yawan fitowar dabbar aikin kamfanin Rhythm & Hues ne na Los Angeles, a ƙarƙashin jagorancin Bill Westenhofer. Tekun ma kududdufi ne da aka gina a wani tsohon filin jirgin sama a Taichung, ƙasar Taiwan, sannan aka faɗaɗa shi a kwamfuta.

Abin lura a nan shi ne yadda aka gina dabbar daki-daki. An fara da ƙwarangwal, aka ɗora tsoka, aka lulluɓe da fata mai zamewa a kan tsokar, sannan aka dasa miliyoyin gashi waɗanda haske ke ratsawa, ruwa kuma ya jiƙa su su kwanta. Duk wannan ilmin injiniya ne, kuma da kuɗi da lokaci ana iya samunsa. Inda fasaha ta shigo shi ne kamewa. Masu motsa surar sun ƙi ba ta fuskar ɗan Adam. Ba ta murmushi, ba ta ɗaga gira don a tausaya mata. Motsinta an ɗauko shi ne daga hotunan damisoshi masu rai, har da kaɗa kunne da nauyin tafin ƙafa in ya taka katako. Saboda haka a ƙarshen tafiya, sa'ad da ta shige kurmi a gaɓar Meziko ba tare da ta waiwayo ba, mai kallo yakan yarda, domin tun farko ba a yi masa alkawarin shaƙuwa ba. Bahaushe da ke mata kirari da "ƙi sabo" ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ba ko'ina aka riƙe wannan kamewa ba. Wurin da gawurtaccen kifin teku ya yi tsalle cikin ruwa mai ƙyalli da dare, da wasu wuraren da sama da teku suka zama madubi guda, an yi su ne don a ce madalla. Ana iya kare su da cewa mai ba da labarin yana ƙawata abin da ya tuna, kuma hujjar tana da ƙarfi. Duk da haka, kwalliya ce mai kiran ido, ba ta kai wahalar sa dabba ta yi numfashi ba.

Illar ɓoyayyen aiki kuwa ta bayyana a Fabrairun 2013. Fim ɗin ya samo fiye da dala miliyan 600, ya ci kyautar Oscar huɗu, ciki har da ta dabon hoto da ta ɗaukar hoto, alhali sama da ruwan da aka yaba wa mai kyamara, da yawansu a kwamfuta aka zana su. Kwanaki kaɗan kafin bikin, Rhythm & Hues ya shigar da takardar fatara, ya sallami ma'aikata fiye da 200. Da Westenhofer ya fara ambaton haka a kan dandamali, sai aka taso da kiɗa aka rufe muryarsa. Dalilan karayar sanannu ne: kwangila mai tsayayyen farashi komai yawan gyaran da darakta ya nema, da rangwamen haraji da ke janye aiki zuwa ƙasashe irin su Kanada da Birtaniya.

Wannan ne ya sa masu sana'ar suka dogara da gajeren faifan gwaji, inda ake warware hoto ɓawo-ɓawo: ga ɗan wasa Suraj Sharma shi kaɗai a gaban shuɗin bango, ga ƙwarangwal, ga tsoka, ga gashi, ga haske. Malamin da ke auna ɗalibi a wannan fanni, ko mai sharhin finafinan Hausa da ke duba ɓacewar aljani a allo, wannan faifai ya kamata ya nema kafin ya yanke hukunci, tare da bayanin wane ɓawo ne hannun wa.