Littafin Mista Cocil na Yaƙin Duniya na Biyu: Shaida Ne Ko Alƙali?

Cikin manyan shugabannin da suka ja ragamar Yaƙin Duniya na Biyu, babu wanda ya zauna ya rubuta labarinsa da tsawo kamar Mista Cocil, Firayim Ministan Ingila. Rusabel na Amurka ya rasu cikin watan Afrilu 1945, Hitila da Musolini su ma suka mutu cikin wannan wata, Sitalin kuwa bai bar littafi irin wannan ba. Cocil ya yi kundi shida, na farko ya fito a 1948, na ƙarshe a 1953, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel ta adabi. Saboda haka mutane da yawa da idonsa suka fara ganin yaƙin nan. To, ya kamata mu duba ko idon nan ya ga kome.

Mu fara da yabo, gama ya cancanta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mutumin nan yana cikin ɗakin shawara sa'ad da ake ƙulle-ƙulle, ga shi kuwa gwanin magana. Inda ya fi nuna gwaninta shi ne kundi na farko, wurin labarin taron Munik na 1938. Can Cambalen na Ingila da Daladiye na Faransa suka zauna da Hitila da Musolini, suka yanka wa Jamus wani yanki na ƙasar Cekoslobakiya, masu ƙasar ba su a teburin. Kafin wata shida Hitila ya haɗiye birnin Farag. Cocil ya jera al'amuran nan ɗaya bayan ɗaya, har mai karatu ya ji masifa tana matsowa kamar hadarin gabas.

Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Ga misali. Cikin kundi na biyu ya nuna wai majalisar yaƙi ba ta taɓa sa zancen ko a ci gaba da faɗa ko a nemi sulhu cikin abubuwan shawararta ba. Da aka buɗe takardun gwamnati daga baya, sai aka ga daga ran 26 zuwa 28 ga Mayu 1940, lokacin da sojan Ingila suke takure a Dankak, an yi ta gardama mai zafi. Halifas, Ministan Harkokin Waje, yana so a bi ta hannun Musolini a ji sharuɗɗan Jamus. Cocil ya ƙi, ya kuwa rinjaya. Abin mamaki, gardamar da ya ɓoye tana cikin abubuwan da suka fi ɗaukaka shi. Watakila ya so ya rufa wa abokan aikinsa asiri, amma ya rage wa tarihi gaskiya.

Haka kuma ya cika littafin da wasiƙu da umurnin da shi ya aika, amsoshin da aka mayar masa kuwa ba safai ya kawo su ba. Wanda ya ji ɓangare ɗaya sai ya zaci shi kaɗai ke tunani, sauran duk 'yan aike ne. Akwai kuma abin da doka ta hana shi faɗa, watau yadda masanan Ingila suka warware asirin saƙonnin sojan Jamus. Sai a 1974 aka bayyana wannan ga jama'a.

Mu duba kuma yadda ya raba fili. Yaƙin Alamain na Masar, na 1942, ya sami wuri mai faɗi. Sitalingirad, inda aka karya lagon rundunar Jamus a farkon 1943, wurinta kaɗan ne in aka gwada, alhali Tarayyar Sobiyat ta rasa rayuka wajen miliyan 27 cikin yaƙin. Yunwar da ta faɗa wa Bengal ta ƙasar Indiya a 1943, ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku a ƙarƙashin mulkin Ingila, kusan bai taɓa zancenta ba. Fagen Bama ma bai sami rabonsa ba. Can ne runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka yi faɗa da Japan, cikinsu har da Hausawa da yawa. Sun ratsa kurmin kwarin Kaladan a 1944, suka shiga Miyohon cikin Janairu 1945. Wanda ke neman labarinsu filla-filla, lalle sai ya nufi wani wuri.

Duk da haka ba mu ce mutumin maɓoyi ne ko da yaushe ba. Shi da kansa ya ba da labarin wata 'yar takarda da ya miƙa wa Sitalin a Mosko cikin Oktoba 1944. A ciki ya rubuta cewa Rasha ta sami kashi 90 cikin 100 na faɗa a ji a Romaniya, Ingila ta sami 90 a Girka, Yugoslabiya kuwa a yi raba daidai. Sitalin ya sa mata alamar yarda da shuɗin fensir. Ku lura, wanda ya zargi masu taron Munik da yanka ƙasar wasu ba da saninsu ba, ga shi bayan shekara shida yana kasafta ƙasashe a takarda. Faɗin wannan da bakinsa abin a yaba masa ne, ko da yake aikin kansa abin a tuhume shi ne.

To, ku 'yan makaranta, ga shawararmu. Ku karanta littafin nan, gama za ku ƙaru da ilmi, ku ga kuma yadda ake sarrafa harshe. Amma ku ɗauke shi kamar shaida a gaban alƙali, shaida mai hankali wanda yake da hannu cikin shari'ar. A kowane babi ku tambayi kanku wa ke magana, wa kuma ba a ba shi bakin magana ba. Sa'an nan ku nemi abin da Rashawa da Indiyawa suka rubuta, da abin da sojojinmu na Bama suka bari, kana ku yanke hukunci.