Baƙon Tauraro a Wasan Labari: Daga Teburin Amurka zuwa Ribaɗin Wurno

A cikin wasannin da suka ɓullo daga ƙasar Amurka a ƙarnin da ya shige akwai wani wanda ba a yin sa da ƙwallo, ba a kuma fita fili domin sa, sai dai mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur, kowa da takardarsa da alƙalaminsa, ɗaya daga cikinsu ya zama jagora mai warware labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki tauraro guda ya zama shi ne bakinsa da ƙafarsa. Jagora zai ce ga ku a ƙofar wani birni da almuru, an riga an rufe ta. Wannan ya ce nasa tauraron zai yi sallama da mai tsaron ƙofa, wancan ya ce nasa zai haura ganuwa. In kuwa abin da aka yi nufi akwai shakka a kan yiwuwarsa, sai a jefa 'ya'yan ƙuri'a irin na lido, abin da ya fito shi ne hukunci. Mafi shahara a wannan fanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 daga garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, kuma labari guda yakan ci watanni, wani lokaci shekaru, ana zama ana tashi, ana ɗorawa daga inda aka tsaya.

To, mas'alar da ta fi damun ma'abota wannan wasa, tun daga farkonsa har yau, ita ce ta mutumin da ya zo zama da tauraron da bai yi kama da labarin ba: an shirya tafiyar mayaƙa, shi kuwa yana son ya zama mawaƙi mai tsoron jini, an kafa labari a kan mutane, shi yana son ya zama dodo. Littafin farko rukuni uku kaɗai ya tanada, watau mayaƙi da mai sihiri da malamin addini mai warkarwa, har sai 1975 aka ƙara ɓarawo. Amma duk da wannan ƙunci, mawallafan sun yi fatawa mai sauƙi, cewa babu laifi mutum ya zama kusan duk abin da ya ga dama, bisa sharaɗin ya fara da rauni, har suka buga misali da mai son zama ƙaton macijin nan mai fukafukai, cewa sai ya fara yana ɗan ƙarami. Shi kansa malamin addinin nan asalinsa magani ne aka nema: a wasan Arneson mai suna Blackmoor wani ɗan wasa ya riƙe wani mugun tauraro, Sir Fang, gawa mai tashi da dare tana shan jinin mutane, ya gagari kowa, sai aka ƙago wanda aikinsa ke nan ya kore shi. Ba a fitar da baƙon daga labari ba, kishiya aka yi masa.

Wanda ya tashi a ƙauyen ƙasar Hausa ba zai ji wannan a matsayin sabon ilmi ba, domin kuwa samarinmu sun daɗe suna warware irin wannan mas'ala a wasan kalankuwa, wanda ake yi da kaka bayan amfanin gona ya shiga rumbu. A nan ne matasa kan kafa tasu hukuma ta 'yan kwanaki, da Sarki da Waziri da Galadima da Alƙali da dogarai, a yi shari'a, a ci tarar wanda ya saɓa doka, kuɗin kuwa su tafi wajen makaɗa da abinci. Da Turawa suka ci ƙasa a 1903, sai ga sababbin mutane sun bayyana a duniya waɗanda kakanni ba su san su ba, su Razdan da Di'o da Likita da ɗan doka, kuma ba a daɗe ba suka bayyana a dandali, da hular kwano da gajeren wando da Hausa mai karyayyen harshe. Abin lura shi ne yadda aka shigar da su. Ba wanda ya farka da safe ya ce shi ne Di'o. Naɗa shi ake yi, kamar yadda ake naɗa Galadima, kuma da zarar an naɗa shi an san wanda yake gaba da shi, da wanda zai rusuna masa, da mai yi masa tafinta, da irin ƙarar da za a kai gabansa. A Damagaram ma wasan kara ya bi wannan tafarki, inda ake kwaikwayon masu mulki na kowane zamani da kayan da aka sarrafa da karan dawa. A ganina hikimar kalankuwa ta fi fatawar Gygax zurfi, domin shi ƙarfin baƙo kaɗai ya duba, alhali kuwa samarin ƙauye matsayinsa a cikin jama'a suka duba, wanda shi ne ainihin abin da ke sa baƙo ya zauna ko ya zame wa mutane ƙaya.

Bari mu ƙaddara cewa wasu samari a Maikujera, cikin ƙasar Raba, sun zauna a zaure za su yi irin wannan wasa; abin ba nesa yake da hankali ba, tun da rashin tsaro da ya addabi Raba da Goronyo da Wurno a 'yan shekarun nan ya rage hirar dandali da dare, ya mai da mutane cikin gida. Mu ƙaddara kuma jagoransu ya kafa labarin a ribaɗin Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar mazauninsa domin tsare iyaka daga Gobirawa, inda ya rasu a 1837, kabarinsa kuma yana can. Ɗaya ya ɗauki barde, ɗaya almajiri mai neman karatu, ɗaya Bafillace mai kiwo a fadamar Rima, ɗaya jakadiya. Sai na biyar ya ce shi Bature zai zama. Jagora maras haƙuri zai ce wannan wasa ne da hankali. Amma tarihi yana bayan na biyar ɗin, domin Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, ya sake dawowa a 1826, Heinrich Barth kuwa ya zauna a Wurno kanta a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba.

Abin da ya kamata jagora ya nazarta shi ne yadda daular Sakkwato ta karɓi waɗannan mutane, domin a nan ƙa'idodin suke, a shirye, ba sai ya ƙirƙira ba. Da farko dai an ba su suna wanda harshen gari zai iya ɗauka, Clapperton ya zama Abdullahi, Barth ya zama Abdulkarimu. Sa'an nan aka ba su mai masauki: Clapperton a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima yake, shi ke ciyar da shi, shi ke kai shi gaban Sarkin Musulmi, shi kuma ke sanin inda ya sa ƙafa. Sa'an nan suna da abin da ake bukata a wurinsu, na tsaraba da magani da labarin ƙasashe, har Bello, da yake malami ne mai faɗin karatu, ya riƙa yi wa baƙonsa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Nasara na dā waɗanda shi baƙon bai iya amsawa ba. Daga ƙarshe kuma, wanda shi ne ya fi muhimmanci ga mai shirya wasa, an yi musu iyaka. Clapperton ya so ya wuce Yawuri da Nupe a zuwansa na farko, ba a bar shi ba, ya koma ta Barno. A zuwa na biyu ya tarar ana yaƙi da Shehu Laminu na Barno, aka karɓe wasiƙa da kayan da ya riƙo domin Barno, ya zauna cikin takaici da ciwo har ajali ya cim masa a watan Afrilu na 1827. Barth ma sai da ya yi makonni a Wurno yana jiran Aliyu ya komo daga yaƙi kafin ya kama hanyar Gwandu. Saboda haka idan jagoran Maikujera ya ce wa abokinsa, na yarda ka zama Bature, amma barden nan shi ne aka ɗora wa tsaronka, almajirin nan shi ke yi maka tafinta, jakadiya kuwa an umarce ta a asirce ta riƙa kai rahotonka fada, to ya mai da tauraro guda mai barazanar cinye labari ya zama sanadin aiki ga mutum uku. Baƙo irin Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna shekaru wurin Bello har ya zama surukinsa, wata hanya ce dabam ta shiga, ta ilmi da aure, wadda ta fi ta Turawan ƙarko nesa ba kusa ba.

Ba zan wuce ba sai na taɓo maganar ƙuri'ar nan, domin a ƙasar da yara ke tashi da Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ta hana wasan nardu da shaɗaranji, lalle wani dattijo zai leƙo zaure ya tambaya. Hukuncin na malamai ne. Abin da zan ce kawai shi ne jifar ƙuri'a ba rukuni ba ce a wannan fanni, tun da a 1991 Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda babu jifa a cikinsa sam, kalankuwa kuwa ba ta taɓa bukatar ta ba, Alƙali ya wadatar.

Akwai kuma baƙon da ke shigowa ba da sallama ba, kuma misalinsa mafi bayyana yana wajen 'yan bori, ko da yake su a wurinsu ba wasa ba ne, shugabannin jihadi kuma sun yi inkarin al'adar tun tuni. Wajen 1925, a ƙasar Filinge ta Nijar, wasu sababbin iskoki suka bayyana waɗanda ake kira Hauka, ko Babule a Arewa ta Dogon Dutsi, masu siffar sojan Faransa, da Gwamna da Janar da Kwamanda Mugu, suna fareti suna sara wa juna. Hukumar Faransa ta kama mabiyansu, manyan bori na gargajiya ma da fari suka ƙi su, har da yawa suka bi 'yan ci-rani zuwa Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a Ankara, ya fito a 1955. Amma da tafiya ta yi nisa sai aka yi musu nasaba, aka san gidansu da kiɗansu da lokacin da ake kiran su a bayan manya. Ko nizamin da ya ƙi baƙo da farko, in ya ga ba zai tafi ba, dangantaka yake nema masa.

Tauraron da ba ya shiguwa, a iyakar abin da na fahimta, ba shi ne mai baƙuwar siffa ba, shi ne wanda mai shi ya rantse ba shi da uwa ba shi da uba, ba ya bin kowa bashi, ba a bin sa, ba ya kwana gidan kowa. Tun da R. A. Salvatore ya fito da Drizzt a littafinsa na 1988, wani jarumi da ya guje wa mugayen danginsa na ƙarƙashin ƙasa, dubban 'yan wasa suka riƙa zuwa tebur da irinsa, sai dai akasarinsu kaɗaicin suka kwafa, suka manta cewa shi Drizzt na littafi yana da aminai waɗanda suka tsaya masa a garin da ake ƙyamarsa. Irin wannan ɗan wasa, in ya zo zauren Maikujera, tambaya guda ta ishe jagora kafin a buɗe labari: idan tauraronka ya iso ƙofar Wurno da almuru, mai tsaron ƙofa ya ce baƙon wane ne kai, sunan wa za ka ambata daga cikin mutum huɗun nan da ke zaune? In ya ambaci barde, sai a tambayi mai barde ko ya yarda ya ɗauki nauyin, da kuma abin da yake so a biya shi.